Karen gadina yana cin najasa, wajibi ne in kashe shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da kare mai gadin awakina a gidan gona. Ya ɗauki halin cin kashin da yara ke yi a bayan ɗaki, daga nan sai ya zo ya sa baki a robar da muke tara ruwan alwala. Mukan ba shi tuwo in ya ragu. Wani da muke sallah tare ya ce karen ya zama jallala, wato dabba mai cin najasa, jikinsa duk najasa ne, dole in sa masa guba. Mene ne hukunci, kuma yaya zan raba shi da wannan hali?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ajiye kare don tsaron dabbobi halal ne, babu saɓani a kai. Kashe shi kuwa bai wajaba a kanka ba, kada ka sa masa guba.

Abin da ya sauya hukuncin ruwanka shi ne wannan da ka ce, yana tasowa daga cin kashi ya zo kai tsaye ya sha. A mazhabar Malik duk mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa. Idan kare ya sha a ƙwarya, ana zubar da ruwan a wanke ta sau bakwai don bin umarnin hadisi kawai, kuma a mashhurin zance mustahabbi ne. Amma Shehu Khalil, mai littafin Muhtasar na fiƙihun Malikiyya, ya ce ragowar ruwan dabbar da ba ta guje wa najasa makaruhi ne, idan kuma an ga najasar a bakinta lokacin sha, to da ita ake aiki. Saboda haka in ka ga ƙazantar a bakinsa, hukuncin ya koma na najasar da ta faɗa cikin ruwa. Launi ko ɗanɗano ko wari ya canza, ba a alwala da shi. Bai canza ba amma ruwan kaɗan ne, Ibn Abi Zaid mai littafin Risala ya ce ya najastu, mashhuri kuma makaruhi ne muddin akwai wani. Ruwan roba kaɗan ne. Ka zubar, ka wanke ta sau bakwai, ka sa ƙasa a wankin farko don fita daga saɓanin Shafi'iyya da Hanabila. Sallolin da ka yi a baya da ruwan da bai canza ba, ba sai ka rama ba.

Maganar abokin sallarka kuwa, ya haɗa babi biyu da ba su haɗu ba. Hanin da ya zo kan jallala a wajen Abu Dawuda da Tirmizi ya shafi cin nama da shan nono na dabbar da ke kiwo a najasa, wata ruwayar ta ƙara hawanta. Kare ba a cinsa, ba a tatsarsa, ba a hawansa. Ko jallalar ma babu wanda ya ce a hallaka ta, tsare ta ake yi a ba ta abinci mai tsabta har ta sauya. Haƙiƙa a cikin mazhaba akwai masu ganin gumin dabba mai cin najasa najasa ne, amma Khalil ya ambaci tsarkin gumi da yawu da hawayen mai rai, ya biyo da cewa ko da ya ci najasa, don ya ture wancan zance. Dalili na tare da Khalil. Abdullahi ɗan Umar ya ce karnuka na kai da kawowa a masallaci zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a yayyafa ruwa saboda haka. Buhari ne ya kawo. Waɗancan karnuka yawo suke yi, abin da suka tsinta shi suke ci. Allah kuma ya halatta abin da karen farauta ya kamo a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, bai sharɗanta a binciki abin da ya ci jiya ba. Su ma malaman da suka ce kare najasa ne, saboda zatinsa suka faɗa, kuma ba su wajabta kashe karen kiwo ba. Umarnin kashe karnuka an yi shi da farko, daga baya aka sassauta kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Ibn Mugaffal. Mai cizon mutane da wanda ya haukace, su ne ake kashewa. Guba kuma azabtarwa ce, a gidan da ke da yara da kaji da awaki ba karen kaɗai za ta samu ba.

Yanzu, ɗan'uwana, bari in tsaya kan “in ya ragu”. Dabbar da ke kwana a farke tana tsare maka dukiya, ciyar da ita wajibi ne a kanka, ba sai tuwo ya yi saura ba. Yunwa na cikin manyan abubuwan da ke kai kare ga kashi. Ka yanke masa rabonsa safe da yamma, da kaskon ruwansa daban, nesa da wurin alwala. Wani karen ko ya ƙoshi yana yi, don ɗabi'a ce a jinsinsu. Karya ma tana lashe kashin 'ya'yanta. Shi ya sa maganin gaskiya shi ne kada ya samu. A saya wa yara fo, a riƙa zubarwa a masai nan take, masan kuma a yi masa murfi. Dukansa bayan ya gama ba ya koya masa komai sai tsoronka. Tsawa a daidai lokacin da ya nufi wurin ta fi amfani. Takunkumi ya halatta na ɗan lokaci, in ba zai hana shi shan ruwa da haki ba.

Ka kai shi wajen likitan dabbobi a ba shi maganin tsutsar ciki da allurar rigakafin hauka. Kada a bar shi yana lasar hannu ko fuskar yara, domin tsarki a fiƙihu bai kore cuta ba, kuma kawar da cutarwa daga iyalinka wajibi ne. Ita kuma robar alwala, a sama mata marfi.

Wallahu a'alam.