Shimfiɗar ɗakin kunkuru: ƙasa ta fi garin katako

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce an ba yaranka ɗan kunkuru wanda bai wuce tafin hannu ba, ka haɗa masa akwati, maƙwabcinka kafinta kuma ya ce zai riƙa ba ka garin katako kyauta ka shimfiɗa masa, shi ne kake tambaya ko da illa. Ka yi wa maƙwabcin godiya, amma don Allah kada ka zuba. Na daɗe ina kiwon kunkuru a gida, kuma yawancin ƙananan da na ga sun lalace a hannun mutane, daga shimfiɗa matsalar ta faro.

Kunkuru hancinsa a ƙasa yake wuni. Duk abin da ka shimfiɗa masa sai ya shaƙa, sai kuma ya haɗiye shi tare da ganyen da ka ajiye masa. Ga shi ba ya iya tari kamar mu, don haka ƙurar da ta shiga huhunsa da wuya ta fito. Da farko za ka ga ido yana ruwa ko ya kumbura, sai 'yar kumfa a hanci, daga nan ya fara buɗe baki yana numfashi ya daina cin abinci. In ta kai nan sai likitan dabbobi.

Babbar damuwata da garin wajen kafinta ita ce ba ka san me ke cikinsa ba, shi ma kafintan bai sani ba. Shara ce ta wuni guda: akwai katakon da aka shafa wa maganin gara, akwai wanda aka jiƙa da baƙin mai, akwai garin filawud mai gam a ciki, ga fenti da fanis, wani lokaci har da guntun ƙusa. Ko itacen da babu magani a jikinsa ma ba kowanne ne ya dace ba. Masu kiwon macizai da ƙadangaru a Amurka da Turai sun daɗe da guje wa wani itace mai ƙamshi da ake kira sida (cedar), saboda man da ke ba shi ƙamshi yana cutar da hanyar numfashi da fatar dabbobin nan. Ɗanyen itacen fayin (pine) ma haka, kodayake ana saɓani kan wanda aka gasa ya bushe. Ni dai duk itacen da na sa hanci na ji ƙamshi mai ƙarfi, ba ya shiga ɗakin dabbata. Ɓawon itacen da ake gani a bidiyon masu kiwon nan yawanci na itacen saifires (cypress) ne ko na itacen fir, an tace shi an kuma sayar da shi don wannan aikin. Wanda ake zubawa a gindin furanni daban ne, sau da yawa an rina shi ko an haɗa da taki. Mafi muni a ciki shi ne ɓawon kokon da ake yin cakulan da shi, wanda 'yan uwanmu na Kumasi da Ibadan za su samu a arha: yana da sinadarin nan na cakulan da ke zama guba ga dabbobi da yawa.

Ɓawon gyada da buntun shinkafa su ma na ajiye su gefe. Na gyada da ya ji laima yake yin fumfuna, buntu kuwa kaifi gare shi, yana shiga ido. Yashi zalla yana da kyau a ido, amma ƙaramin kunkuru yana haɗiyarsa har ya toshe masa hanji, musamman in ba ya samun ruwa sosai.

Idan naka irin babban kunkurun nan ne mai launin ƙasa da ƙayoyi a cinya, to ɗan gida ne. Asalinsa yankin Sahel, daga Senegal zuwa Sudan da Habasha, har da Nijar da arewacin Najeriya, kuma shi ne na uku a girma a duniya bayan na tsibiran Galapagos da Aldabra. A daji rami yake haƙawa mai tsawon mitoci, ya shige ya ɓuya daga zafi, kuma can ciki akwai sanyi da laima ko da waje ya bushe ƙamas. Wannan ramin shi za ka yi ƙoƙarin kwaikwaya. Mutane suna ɗauka tunda dabbar busasshen wuri ce sai a busar mata da komai, alhali wani bincike da aka yi a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya a 2003 kan 'ya'yan wannan kunkurun ya nuna waɗanda aka raina a bushe ƙoƙon bayansu ya fi yin tudu-tudu, waɗanda suka sami laima kuma nasu ya fi fitowa sumul. Tudun nan in ya fito ba ya komawa.

Ga yadda nake yi. Ina ɗebo ƙasa daga wurin da na tabbata ba a zuba takin zamani ko feshin ciyawa ba, ba ta bakin kwata ko bola ba. In tankaɗe ta in fitar da kwalba da leda da tsakuwa, in baza ta a rana mai zafi ta kwana biyu don kaska da cinnaka su gudu. Sai in haɗa kashi uku na ƙasa da kashi ɗaya na yashi, in zuba zurfin santimita 10 ko fiye, yadda zai iya tona ya binne kansa. In ka sami zaren ɓawon kwakwa da ake sayarwa a dunƙule kamar bulo, jiƙa shi ka wanke sosai don wani yana zuwa da gishiri, ka gauraya da ƙasar, yana riƙe laima ƙwarai. A kusurwa ɗaya ka kifa fasasshiyar tukunyar ƙasa ta zama maɓoya, ka riƙa yayyafa ruwa a ƙarƙashinta. Gwajin shi ne ka damƙi ƙasar: ta dunƙule amma kada ruwa ya ɗiga. Ɗaya gefen ka bar shi a bushe inda ranar safe ke taɓawa. Lokacin hunturu sai ka ƙara yawan yayyafin, ka kuma tabbata bai kwana a jiƙaƙƙiyar ƙasa cikin sanyi ba.

Busasshiyar ciyawa za ka iya bazawa a gefen da ya bushe, in ya ci ma abincinsa ce. Sai dai ka tsince ta da hannu, kada ganyen tumfafiya ko zaƙami ko zurman ya biyo, duk guba ne. Abinci kuwa a kan fale-falen dutse ko tayil za ka ajiye, ba a kan ƙasa ba.

Kashinsa ka kwashe kullum, ƙasar kuma ka canza ta da zarar ta fara wari ko ka ga farin fumfuna. Yaran su wanke hannu da sabulu duk lokacin da suka taɓa shi ko ƙasarsa, domin kunkuru yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa mutum gudawa ko da lafiyarsa ƙalau. Akwatin kuma na ɗan lokaci ne, irin wannan yana iya haura kilo 50, don haka tun yanzu ka fara duba inda za ka keɓe masa a tsakar gida, nesa da gindin katanga, don zai haƙa.