Digiri ko sallamar maigida: wanne zan kama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni yaron shago ne a Kantin Kwari, shekarata 22. Shekara biyar ke nan ina tare da maigidana muna sayar da atamfa da shadda, kuma ya yi mini alkawarin nan da shekara biyu zai sallame ni, ya kama mini teburi ya zuba mini kaya. To bana sai ga shi na samu gurbin karatu a jami'a, fannin gudanar da kasuwanci. Mahaifina ya ce lallai in tafi. Maigida kuwa ya ce kasuwa ita ce jami'ar ɗan kasuwa, har yana nuna mini masu digirin da ke zuwa neman ya ɗauke su aiki. Na tara kusan naira miliyan biyu. Ni burina in zama babban ɗan kasuwa, ba ma'aikaci ba. Digiri zai amfane ni, ko ɓata lokaci ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah Ya yi wa nema albarka. Shawarata ita ce kada ka bar shagon nan saura shekara biyu a sallame ka, kuma kada ka yarda da maganar cewa ɗan kasuwa ba ya buƙatar karatu. Karatun da kake buƙata ne ba lallai ya zama wannan gurbin da ka samu ba, kuma ba lallai ka yi shi ta hanyar da ka zata ba.

Na san sunayen da ake jifan juna da su a wannan muhawara. Masu goyon bayan maigidanka za su kawo Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, ya shiga harkar gyaɗa, ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma ba tare da ya zauna a ajin boko ba. Gaskiya ne. Sai dai tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote a Jami'ar Azhar ta Alƙahira ya yi karatu, Abdussamad ɗan Khalifa Isyaka Rabi'u kuma ya karanta tattalin arziki a Amurka kafin ya kafa kamfanin BUA a 1988. Gidajen da suka yi arziki ba da boko ba, su ne suka tura 'ya'yansu makaranta da suka samu hali. Amma kada mahaifinka ya ɗauki wannan hujja ya tafi da ita duka, domin waɗannan 'ya'yan sun dawo ne sun tarar da jari da suna da hanya. Ɗangote da rancen cikin dangi ya fara a 1977, ba da takardar shaida ba. Su kuma Bill Gates da Mark Zuckerberg da samari ke yawan ambato, cewa sun bar jami'a sun yi kuɗi, ai sai da suka samu shiga Jami'ar Harvard tukuna, kuma sun fita ne da sana'a a hannu wadda ta riga ta fara tafiya. Babu ɗaya daga cikin mutanen nan da ya tsaya a inda kake tsaye, don haka mu ajiye su mu yi lissafin naka.

Abin da digiri zai ci maka ya wuce kuɗin makaranta. A takarda shekara huɗu ne. A zahiri, yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ya rufe jami'o'in gwamnati wata tara a 2020, ya sake rufe su wata takwas a 2022, sannan ga shekarar bautar ƙasa. Ka ƙiyasta shekara biyar zuwa shida, wato ka fito kana dab da 28. Miliyan biyun nan kuma ba za ta raka ka ƙarshe ba: rajista, abinci, kuɗin mota, takardu, waya, ga hauhawar farashi da ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Akwai rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, babu ruwa a kansa kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya, to wannan zai rage maka nauyin kuɗi, amma ba zai mayar maka da shekarun ba. Idan ka gama, alawus ɗin bautar ƙasa naira 77,000 ne, mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuma 70,000. Kai ka fi ni sanin abin da teburi mai tafiya yake kawowa a Kwari a watan azumi.

Babbar asarar ma ba ta cikin wannan lissafi. Jarinka na gaskiya ba miliyan biyu ba ne, shekara biyar ɗin nan ce. Diloli sun san fuskarka. Baƙin da ke saukowa daga Maraɗi da Damagaram da Chadi da Kamaru sun san lambarka, wasunsu ma kai suke kira ba maigida ba. Ranar da aka sallame ka, akwai wanda zai ba ka kaya ka sayar ka kawo kuɗi, saboda ya daɗe yana kallon yadda kake riƙon amana. Irin wannan bashin kaya shi ke tayar da yawancin 'yan Kwari, ba rancen banki ba, kuma ba ya jiran mutum. Ka tafi shekara biyar ka dawo, wani yaron ya zauna a kujerarka, kwastomomin sun saba da shi, alkawarin sallama kuma ya zama labari. Dubi 'yan'uwanmu Ibo masu kayan gyaran mota a Sabon Gari: yaro zai yi wa ubangidansa hidima shekara da shekaru don ranar sallama kawai, kuma ba za ka ga ya ajiye ta ana saura ƙiris ba.

Yanzu in juyo kan maigidanka, tare da girmamawa. Kasuwa tana koyar da ciniki, da sanin kaya, da karantar fuskar mai saye, da haƙuri. Akwai abin da ba ta koyarwa sai bayan ta mare ka, kuma shi ya karya mutane da yawa tun daga Yunin 2023, lokacin da aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Ga misali, da ƙirƙirarrun lambobi don ka gani. Ka saro turmi 200 na atamfa a kan 10,000 kowanne, miliyan biyu ke nan. Ka sayar a 11,500, ka ga ribar dubu 300, ka cire ta ka yi hidimar gida, hankalinka kwance tunda uwar kuɗi tana nan. Ka koma saro, turmi ya zama 14,000. Miliyan biyunka turmi 142 za ta saya. Ko da ba ka taɓa ribar ba, 164 za ka ɗauko. Kowace rana kana cin riba a baki, shago kuwa yana ramewa, sai ka ji ana cewa an yi wa wane hannu ko baki ya kama shi. Wanda ya san ana sa farashi ne da kuɗin da za a sake saro kaya, ba da kuɗin da aka saro su jiya ba, shi ya tsira a waɗannan watanni. Wasu tsofaffin 'yan kasuwa sun san haka ba tare da karatu ba, amma da tsada suka koya.

Haka batun littafi. Shaguna nawa ne a layinku za su iya gaya maka, yau ɗin nan, nawa ne kayan da ke ciki, nawa ake bin su, nawa suke bi, nawa aka cire aka kai gida a watan jiya? Kuɗin cefane da na shago aljihu ɗaya, bashi a ka ko a bayan kwalin shadda. Da haka ana iya riƙe shago ɗaya. Ba a iya riƙe biyar, domin ranar da ka buɗe na biyu, idonka ba ya wurin, sai takarda ta tsaya maka. Kuma ka ce babban ɗan kasuwa kake son zama. To babban ɗan kasuwa yana yi wa kamfaninsa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yana da lambar haraji, yana cike Form M, takardar neman izinin shigo da kaya daga waje, idan zai shigo da su, yana karanta yarjejeniya kafin ya sa hannu, yana rubuta wa masana'anta a Chana saƙo ya gane amsar da aka ba shi. Wanda bai iya waɗannan ba, a hannun tafinta da ejan yake, abin da suka gaya masa shi ne gaskiya, kuma a nan ake yanka mutane ba wuƙa. Banki ma idan ka je neman rance ba digiri zai tambaye ka ba, bayanan shige da ficen asusunka zai nema.

Shin digirin gudanar da kasuwanci zai koya maka waɗannan? Wani ɓangare. Za ka sha darussan akanta da tattalin arziki da dokokin ciniki masu amfani, za ka kuma sha haddar ka'idojin da aka rubuta don manyan kamfanonin Turai, wani lokaci daga bakin malamin da bai taɓa sayar da ko allura ba. Ba raini ba ne, aikinsa daban ne. Akwai sana'o'in da takarda ita ce ƙofar shigarsu: kantin magani na zamani ba ya samun rajista sai da ƙwararren mai lasisi, haka aikin injiniya da likitanci da lauya. Da irin wannan kake buri, da na ce ka ɗauki jakarka gobe. Sayar da atamfa kuwa babu hukumar da za ta nemi shaidarka. Ilimin kake buƙata, takardar ta biyo baya.

Duk da haka kada ka raina tsoron mahaifinka, don ya ga abin da ba ka gani ba. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta cinye dukiyar mutane a dare ɗaya, kai kuma kana Kwari lokacin da ambaliyar 2022 ta shiga shaguna ta jiƙa kaya. Wanda ke da takarda yana da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa kafin ya farfaɗo. Jami'a kuma tana haɗa ka da mutanen da nan da shekara goma za ka tarar a banki da kwastan da ma'aikatu, tana cire maka shakkar shiga ofis. Waɗannan amfani ne na gaske, sai dai ba su da wa'adi. Ana shiga jami'a a shekara 25, ana shiga a 35. Sallamar ce mai wa'adi.

Ga yadda zan yi da ni ne kai. Da farko ka tabbatar sallamar nan da gaske take, domin duk shawarata a kanta ta rataya. Dubi yaran da suka riga ka a shagon: an sallame su? A kan lokaci? Da me aka sallame su, kuma suna ina yanzu? Idan maigida yana da tarihin cika alkawari, ka roƙi mahaifinka ya je ya gaishe shi, su yi maganar a tsakaninsu a matsayin manya, a tsayar da lokaci da abin da za a ba ka, a gaban shaida. Kai ba za ka iya tsare maigidanka da wannan tambaya ba, mahaifinka zai iya cikin mutunci, kuma hankalinsa zai fi kwanciya idan ya ji da kunnensa. Idan kuwa ka duba ka ga babu wanda aka taɓa sallama, ko an sha ɗage ranar da "bari kasuwa ta gyaru", to amsata ta juya: kama gurbinka ka tafi makaranta, ka riƙa juya ɗan jarinka a gefe.

A zaman mahaifinka da maigida dai a nemi maka izinin karatu. Jami'ar Bayero tana da sashen da ke ba da digiri ga masu aiki, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, tana da cibiya a Kano, kuma kana karatu ne kana kan sana'arka. Ya fi ɗaukar lokaci, kuma masu irin wannan digiri ba sa zuwa bautar ƙasa, takardar keɓewa ake ba su, abin da bai dami mai shago ba. In da zaɓi, ɗauki akanta maimakon gudanar da kasuwanci. Akwai ma gajeriyar hanya, jarrabawar ATS ta ƙungiyar akantoci ICAN, wadda ake shiga da sakamakon sakandare, kuma abin da ka karanta da dare za ka gwada shi a shago da safe. Ba zan ɓoye maka ba, haɗa biyun akwai wuya. Jarrabawa za ta faɗo a tsakiyar cinikin sallah, za ka taso daga kasuwa a gajiye littafi yana jiranka, kuma da yawa suna farawa su watsar. Shi ya sa nake son maigida ya amince tun farko da ranakun da za ka riƙa fita, kada abin ya zama sata.

Miliyan biyun kuma kada ta kwanta a asusu hauhawar farashi yana cin ta, kada kuma ta tafi a sabuwar waya da babur. Ware abin rajista, sauran ka nemi izinin maigida ka sa ɗan kayanka a gefe, irin wanda ba ya gogayya da nasa, kamar mayafai ko huluna. Sayi littafi mai layi, ko ka koyi Excel a wayarka, ka riƙa rubuta abin da ka saro da farashinsa, abin da ka sayar, wanda ya karɓa bashi da ranar biya, da duk naira da ka cire don kanka. Ƙarshen kowane wata ka ƙirga kayan da suka rage da farashin saro na ranar, ba na ranar da ka saye su ba. Bayan wata uku ka turo mini shafukan mu duba tare, daga nan za mu ga darasin da ya kamata ka fara da shi.