Rautar shagona tana ɗaukewa haka kawai, in sayi sabuwa?

Wani mai shagon intanet a Kano ya rubuto mini: "Ina da kwamfuta 25, ga maƙwabtana masu POS uku da ke jan intanet daga wajena. Rautata, wato na'urar da ke raba intanet ɗin, ƙaramar kwamfuta ce da aka ɗora wa manhajar pfSense, shekara biyu ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Watan jiya yaron da ke kula mini da ita ya ƙara layin intanet na biyu, ya ware maƙwabta daban, ya sa wa kowa iyakar gudu. Tun daga nan sai ta ɗauke ta tashi da kanta, wata rana sau uku, wata rana ko sau ɗaya. Ya ce kanel ne ke firgita, wai in sayi sabuwa. Ga rajistar JAMB na matsowa."

Alhaji, na san abin da ke ranka. Yaro yana tsakiyar cike fom intanet ta yanke, mai POS na tsaye da katin kwastoma a hannu, kowa kai yake kallo. Amma kada ka fitar da ko sisi tukuna. Idan cutar a cikin saitin take, ranar da aka kwafe shi zuwa sabuwar na'ura za ta bi shi, kuɗinka ya tafi a banza.

Kanel shi ne zuciyar manhajar, shi ke riƙe da ma'adana da katunan sadarwa. Idan ya ci karo da kuskuren da ba zai iya wucewa ba, sai ya tsayar da komai don kada ɓarna ta yaɗu. Abin da zai taimake ka shi ne ba ya faɗuwa shiru. pfSense a kan FreeBSD aka gina ta, tana kuma ajiye rahoton faɗuwar, har ta nuna sanarwa a shafin farko idan ta farfaɗo. Ka ce wa yaron nan kada ya ƙara goge wannan rahoto. Ya tara uku ko huɗu, ku zauna tare ku jera su.

Ba sai ka iya karanta su ba, kamanni kawai za ka duba. Idan kowane rahoto a wuri ɗaya yake tsayawa, sunaye iri ɗaya na ta maimaituwa, to manhaja ce ko direban katin sadarwa, wato 'yar manhajar da ke sarrafa katin, kuma sabon saitin ne ya taso da ita. Idan kuwa yau nan, gobe can, babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa, to zargi ya koma kan ƙarfen: ma'adanar RAM, zafi, ko wuta. Wannan bambancin shi zai gaya maka inda kuɗinka zai tafi.

Ni dai, yadda ka ba da labari, saitin nake zargi. Na'ura ta yi shekara biyu lafiya, aka yi mata canji uku a watan jiya, sai ta fara. pfSense tana riƙe tarihin saitunan baya, guda 30 idan ba a taɓa adadin ba. A fara sauke kwafin na yanzu a filas, sannan a koma na kafin watan jiya. A bar ta ta yi aiki mako guda, domin cutar da ke zuwa jefi-jefi ba a yanke mata hukunci da kwana ɗaya. In ta zauna lafiya, sai a dawo da canjin ɗaya bayan ɗaya, da 'yan kwanaki a tsakani: layi na biyu, sannan ware maƙwabta, sannan iyakar gudu. Wanda ya kayar da ita zai nuna kansa. Na san za ka ce maƙwabta za su cinye maka gudun a wannan makon. Ka yi musu bayani, su ma yankewar nan tana cin su.

Ka kuma tambayi yaron da me ya haɗa layi na biyun. Sau da yawa, in ramukan waya sun ƙare, sai a sayo ɗan adafta na USB ko kati mai araha a cusa. Masu pfSense da kansu katin Intel suke ba da shawara, kuma akwai wurin da ake kashe wa kati aikin lissafin da wasu direbobi ba sa iya ɗauka da kyau. Kashe wannan kyauta ne. Sauya kati kuwa bai kai ko kusa da kuɗin sabuwar na'ura ba.

In rahotannin sun saɓa wa juna, a gwada RAM da manhajar Memtest86 dare guda bayan an rufe shago. A buɗe akwatin a hure ƙurar hunturu, a ga ko fanka na juyawa. Ka riƙa rubuta lokacin da take ɗaukewa a littafin ciniki. In ya zo daidai da lokacin da ake komawa janareta, UPS kake buƙata, ba rauta ba.

Game da kuɗi, ka ɗauki cinikin awa ɗaya a lokacin JAMB, ka ninka da awannin da kake asara a mako, ka ɗora abin da masu POS ke biyanka in suka gudu. Wannan jimlar ce ma'auninka. In ta yi nauyi, sayen na'ura ta biyu yana da ma'ana, amma a matsayin ta ajiya: a ɗora mata tsohon saitin da aka san lafiyarsa, a ajiye ta kusa, ranar da waccan ta ƙi tashi a sauya wayoyi cikin 'yan mintuna.

Yaron kuma kada ka kore shi, don ya gane sunan cutar daidai. Ku dai yi yarjejeniya a rubuce: ba canji sai da saninka, ba canji sai an sauke kwafi, kuma daga ranar da aka buɗe rajista har a rufe, ba mai taɓa rautar nan.