Kaka ta yi gyambo a gidan kula da tsofaffi, ina mafita?

'Yar'uwa, Allah ya ba Kaka lafiya. Kin ce kun kai ta birni daga ƙauye, kuka tarar ta rame, ga gyambo a ƙugu. Irin wannan gyambon rashin juya majinyaci ke kawo shi, alamar sakaci ce babba. Ku fara kai ta babban asibiti, likita ya rubuta rahoto, ku ɗauki hoto tun bai warke ba. Don Allah kada ku karɓi kuɗin "a rufa asiri", kada ku sa hannu a takardar da ba ku karanta ba. Ku kai kuka ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a Dutse. In har an doke ta, wannan na 'yan sanda ne. Maganar diyya kuwa sai da lauya, Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba da taimakon shari'a, na tsaya wa marasa hali kyauta.