Amsa ga ɗan uwana na Jega kan auren 'yata

Salamu alaikum ɗan uwa. Na ga saƙonka, kuma na gane bakin su Inna ka ara, ba kai kaɗai ke wannan tambaya ba. Wai ta yaya zan ba Batone, wato ɗan ƙabilar Ashanti, 'yata, wai ko dai mun narke cikin mutanen Gana gaba ɗaya, har ka ƙara da cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi. Wallahi maganar ta sosa min rai, amma tunda ka tambaya zan faɗa maka yadda muke.

Mu fa ba jiya muka zo ƙasar nan ba. Fataken goro sun daɗe suna bin hanyar Gwanja zuwa Salaga da jakuna tun kafin Turawa, da yaƙin Salaga ya watsa kasuwar a 1892 mutanenmu suka bazu, wasu Kete Karaci wasu Ankara babban birnin Gana wasu daga baya nan Kumasi. Alhaji Umaru na Karaci da ya rasu a 1934, malamin da har yau ake ji da shi a zanguna, asalin gidansu Kabi ne. Saboda haka in ana lissafin Kabawa kar a tsallake mu.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, shi kansa da irin ra'ayinku ya fara. Kullum cewa yake mu baƙi ne, gida za mu koma. Akwai wata adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, ciki da babbar riga da takardunsa da 'yan kuɗi a ƙulle cikin tsumma, wai kayan tafiya Jega. Ya ƙi sayen fili, haya muke a Aboabo, shi ya sa ma ya turo ni karatun allo wajenku don kar harshena ya karye. Da gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi a Nuwamban 1969, aka ba marasa takarda mako biyu su fice, Baffa mahaifinka ya kwashi iyalinsa ya koma, Baba kuwa ya tsaya yana kallon adakar nan, a ƙarshe ya ce kabarin uwarsa na nan, rumfar goronsa na nan, ina zai je. Daga baya shi da kansa ya sayi fili ya yi gini, kuma ban taɓa jin ya ce ya ci amanar Jega ba. Cewa yake inda Allah ya ajiye rabonka nan za ka ci. A maƙabartar Tafo muka binne shi.

Ni ma da ƙuruciya ina cewa ba mai auren 'yata sai Bahaushe, kuma a lokacin gaskiyata ke nan. Shekaru suka tafi, na zauna da mutane a kasuwar Kejetia, na ga wanda ya riƙe min amana da wanda ya ci, kuma ba ƙabila ce ta raba su ba. Yaron nan ya musulunta tun kafin ya san 'yata, sahun gaba yake sallar asuba a masallacin unguwarmu. Abin da na tsaya a kai ɗaya ne, su Tonawa gadonsu ta wajen uwa yake bi, ɗan 'yar'uwa ke gadon kawunsa, na ce jikokina dai gadon Musulunci za a yi musu. Danginsa suka zo da dattawansu muka zauna gaban liman aka amince. Sadaki, goro, lefe, kamu, ba abin da za a rage.

Kun ɗauka duk wanda ya sassauta a wani abu addininsa ne ya yi rauni. Mu nan tsiraru ne cikin Kiristoci, dole mu san yadda ake zama da maƙwabci. Babban limamin Gana Shehu Usman Nuhu Sharubutu, jinin Hausawa ne, ya shiga cocin Katolika a Ankara a 2019 lokacin da ya cika shekara 100 don a ga zaman lafiya, kuma bai fasa zama limaminmu ba. Sarkin Zango na zuwa gaisuwa fadar Manhyia ta sarkin Tonawa da rawaninsa da algaita. Ranar sallah hutu ne a ƙasa baki ɗaya.

Gaskiya ne Hausar yaranmu ta sha bamban da taku, suna haɗa ta da Tuwi, yaren Tonawa, da Turanci, in sun zo Jega ana musu dariya ana kiransu 'yan Gana, su dawo nan kuma wasu su ce musu baƙi. Wannan yana damuna ƙwarai, ƙaramar 'yata ta dawo daga bikin gidanku tana kuka ta ce ba za ta sake zuwa ba. Yaran da suka tashi da koko da ƙosai da tuwo, suna durƙusawa su gaida babba, me ya rage musu?

Ka gaya wa Inna ba na neman ta canza ra'ayinta yau, ni ma ba rana ɗaya nawa ya canza ba. Albarkarta kawai nake roƙo. Ɗaurin aure bayan sallar layya ne, in za ku zo ku sanar da ni da wuri in aiko kuɗin mota.