Zan iya haɗa kwamfutar tebur da kaina?

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗalibi ne a Zariya, ina so in sayi kaya ɗaiɗai in haɗa kwamfutar tebur don aikin gyaran bidiyo, amma abokaina sun ce wai sai injiniya. Haka ne?

AMSA: Wa alaikassalam ƙanena. Wallahi za ka iya, sukundireba ɗaya ma ta ishe ka, yawanci wajen sayen kaya ake tafka kuskure. Fara da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, don shi zai zaɓa maka madabod, babban allon da ake dasa sauran kayan a kai, kowanne da irin gurbinsa, misali Ryzen 5 5600G na AMD gurbin AM4 yake shiga kuma RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi, nau'in DDR4 yake aiki da ita, in ka sayo DDR5 ko ka danna da ƙarfi ba za ta zauna ba don tsagarsu ba wuri ɗaya take ba. Wannan furosesan yana da sashen hoto a cikinsa, kenan katin hoto zai iya jira sai ka samu kuɗi. Sa RAM 16GB da SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri.

Inda nake roƙonka don Allah kar ka yi ƙoro shi ne akwatin wuta, wato PSU, mai arha in ya ƙone yakan tafi da madabod, ga wutarmu kuma yadda take zuwa tana ɗaukewa, dole ka haɗa da UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta. In lokacin hunturu ne taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar kafin ka ɗauki RAM, wutar da jiki ke tarawa a busasshiyar iska tana lalata kaya.