In an ɗauke wuta, injin bai mutu ba

Ka tambaye ni me ya sa na daka maka tsawa da ka zura hannu za ka gyara bel ɗin injin niƙa, alhali NEPA ta ɗauke wuta, injin kuma a tsaye yake. To saurara, ɗana.

Injin ya tsaya ne don babu wuta, ba don wani ya kashe shi ba. Makunninmu irin na da ne mai mariƙi, inda ka bar shi nan yake zama. Wuta na dawowa, ko wani a can baya ya tayar da janareta ya juya layi, motar injin, wato na'urar lantarkin da ke juya shi, za ta tashi ba sallama. Motar nan tana juyi wajen 1,450 a minti guda, kusan sau 24 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Kafin ka ce wayyo, bel ya ja yatsunka ya cusa tsakaninsa da fuli, wato ƙarfen nan mai kama da taya da bel ke zagayawa a kansa. Makunnai na zamani suna sakin kansu in wuta ta yanke, sai an sake danna musu maɓalli, amma ko su ba na yarda da su, don suna iya maƙalewa.

Ga yadda ake yi. Ka sauke babban makunni, ka zare fiyus ka jefa a aljihunka. In akwatin yana da wurin kwaɗo, ka datse, makullin yana jikinka, kada ka ba kowa ajiya, ko da ni ne. Sannan ka danna maɓallin tayarwa ka ga ko zai motsa. Ka jira fuli ya tsaya cak da kansa, kada ka tare shi da tafin hannu. Wayoyi kuma a gwada su da testa tukuna, layi uku bolt 415 ne, ba wutar ɗaki ba.

Sai tufafi. Hannun kaftani mai faɗi, zobe, carbi a wuyan hannu, duk a cire. Safar hannu ma kusa da abin da ke juyawa haɗari ce, ita bel ke fara kamawa. Masu zuwa Asibitin Ƙashi na Dala da hannu a naɗe ba duka haɗarin mota ya kai su ba.

In ka gama, ka mayar da murfin bel ka ɗaure shi, ka leƙa bayan injin, ka ɗaga murya ka ce za a kunna, sannan ka mayar da fiyus.